Mayar da Ɗakin da Ke Kulle Ɗakin Ɗaukar Hoto a Gida

Ɗakin ɗaukar hoto, wato situdiyo, wuri ne da mai hoto ke da iko a kan haske. A waje rana ce ke da hukunci. Ita ke zaɓar inda inuwa za ta faɗi, gajimare kuma ya taso ya sauya komai cikin minti guda. A cikin ɗaki kuwa mai hoto ne ke zaɓar ta inda haske zai shigo, da yawansa, da abin da zai kasance a bayan wanda ake ɗauka. Duk ɗakin da ya ba mutum wannan ikon ya zama situdiyo, ko da waya ce kawai a hannunsa. Saboda haka aikin yana farawa daga ɗakin da tagarsa, sayen kaya yana zuwa daga baya.

A Kagoro da Kafanchan da Manchok da Zonkwa ba a rasa irin wannan ɗaki. Akwai gidajen da 'yan ƙasa masu aiki a Kaduna da Abuja da Jos da Legas suka gina, ɗakunansu na kulle kusan duk shekara. Akwai garejin da ba mota a ciki, da shagon bakin titi da mai haya ya tashi, da siton da aka kwashe amfanin gona aka bar shi ga gizo-gizo. Masu son a ɗauke su ma ba su yi kaɗan ba. Da zarar Disamba ta kama, gari ya cika da masu dawowa gida Kirsimeti, a yi ta ɗaurin aure, kowa da sabon ɗinki, har a kai ranar 1 ga Janairu da ake bikin Afan a fadar Sarkin Kagoro. Ga kuma Sallah a Kafanchan, ga bukukuwan yaye ɗalibai na makarantar tauhidi ta ECWA da ke Kagoro da kwalejin ilimi ta Gidan Waya. Wanda ya ɗauki hoto abin sha'awa a wannan yanki ba zai rasa mai zama a gaban kyamararsa ba.

Wasu daga cikin manyan masu hoto na duniya a irin wannan wuri suka fara. A ƙarshen shekarar 1863 wata mata a Ingila, Julia Margaret Cameron, ta sami kyautar kyamara daga 'yarta, tana da shekara 48. Sai ta kwashe kajin gidanta ta mayar da ɗakinsu mai gilashi wurin ɗaukar hoto, ɗakin ajiyar gawayin kwal kuma ya zama wurin wanke hotuna. Hotunan da ta ɗauka na mashahuran zamaninta, ciki har da masanin kimiyya Charles Darwin, suna manyan gidajen tarihi a yau.

Misalin da ya fi kusa shi ne Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali. Ɗan kafinta ne, kuma ya buɗe wurin hotonsa a 1948 a tsakar gidansu. Mafi yawan hotunansa da hasken rana ya ɗauke su. Labulen bayansa na farko zanen gadonsa ne. Ya tanadi rediyo da agogo da keke da babur da kwat na aro, mai zuwa ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Yakan sauya labulen bayan 'yan shekaru, har daga baya labulen ya zama abin da yake dubawa ya gane lokacin da ya ɗauki hoto. A Najeriya kuma akwai Solomon Osagie Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, wanda ya buɗe Ideal Photo Studio a 1942. Kayan da waɗannan mutane suka yi aiki da su ba su kai wayar da ke aljihun ɗalibi a yau sauƙin sarrafawa ba. Abin da suka ƙware a kai shi ne haske, da yadda ake zaunar da mutum.

Kafin a taɓa komai sai an nemi izini. Ɗakin da ke kulle yana da mai shi, ko da yana Abuja bai leƙa shi ba tun bara. Idan gidan haya ne a sanar da mai gida kafin a yi fenti ko a huda bango. An fi son ɗakin da ƙofarsa ke duban waje ko kusa da ƙofar gida, don kada baƙi su riƙa ratsa tsakar gida suna takura wa iyali. A tabbata kuma ƙofar na da makulli na ƙwarai, tagar na da ƙarfe.

Sai batun girma. Yawancin ɗakunan yankin ƙafa 12 ne a tsawo, ƙafa 12 a faɗi, wato kamar mita 3 da rabi kowane gefe. Lissafin kuwa ga shi. Wanda za a ɗauka yana bukatar ya nisanci labulen baya da mita 1 zuwa 1 da rabi, don kada inuwarsa ta kwanta a kai. Tsakaninsa da kyamara ana son mita 2. Mai hoto ma yana bukatar wurin tsayawa. Ke nan ɗaki mai ƙafa 12 ya isa hoton fuska, da hoton rabin jiki, da na yara, da na kayan sayarwa. Hoton mutum a tsaye tun daga hula har takalmi kuwa yana son kamar mita 5. Dabara biyu ke fitar da mutum: ko ya yi aiki daga kusurwa zuwa kusurwa, domin tsakanin kusurwoyin irin wannan ɗaki ya ɗan haura mita 5, ko ya rataya labulen a bangon da ke fuskantar ƙofa, ya ja baya ya tsaya a baranda. Gareji ya fi kowane ɗaki dacewa, saboda dogo ne, kuma idan aka wangale ƙofarsa haske mai faɗi ke shigowa.

Taga ita ce fitila ta farko, kuma ba ta cin ko sisi. Amma ba kowace taga ba. Wadda ke duban gabas rana na faɗowa cikinta da safe, ta yamma kuma da la'asar, hasken ya zo da kaifi, ya sa mutum runtse ido, ya raba fuska gida biyu. Littattafan hoto na Turai suna yabon tagar arewa, domin a can rana ba ta leƙa ta da tsakar rana. A nan lissafin ya ɗan bambanta. Kagoro na kusa da digiri 9 da rabi arewa da layin ikwaita, don haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana na ɗan karkata arewa, sauran watannin kuma tana kudu. Sai dai karkatarta arewa kaɗan ce, bakin kwanon da ya zarce bango yakan tare ta. Karkatarta kudu ta fi yawa, kuma a Disamba take kaiwa maƙura, daidai lokacin da aiki ya fi yawa. Ke nan tagar arewa ce dai kan gaba, ta kudu na biye da ita idan an yi mata labule. Gani ya kori ji: a zauna a ɗakin yini guda, a ɗauki hoton bango da waya kowace awa, za a san lokacin da haske ya fi kyau.

Idan rana na shigowa kai tsaye, a rataya farin zanen gado ko farin yadi mai shara-shara a tagar. Zai tace hasken ya yi laushi. Sauran tagogi kuma a rufe su da labule mai kauri, domin haske daga gefe ɗaya shi ke fitar da siffar fuska. A zaunar da mutum kamar mita ɗaya daga taga, tagar na gefensa, ta ɗan yi gaba da shi, ya juyo da fuskarsa wajenta kaɗan. A duba idonsa. Idan an ga ɗan ɗigon haske a ƙwayar idon, zama ya yi. Ɗaya gefen fuskar zai yi duhu, kuma maganinsa allon mayar da haske ne. Farin kwali ya isa, ko farin allon kumfa da ke zuwa cikin kwalin sabon firji. Mai son haske mai ƙarfi ya samo takardar azurfa irin ta naɗe kifi, ya duƙunƙune ta, ya warware, ya manna a falanki. A matso da allon, inuwa ta ragu. A janye shi, ta ƙaru. Taga ɗaya da allo ɗaya sun isa mai koyo ya yi wata da watanni yana gwaji.

Bango ma yana mayar da haske, kuma da launinsa yake mayarwa. Ɗakin da aka yi wa shuɗin fenti ko kore ko ruwan hoda zai shafa wa fatar mutum wannan launi, kuma cire shi a kwamfuta wahala ne. A yi wa bango da silin fentin ruwa marar sheƙi, fari ko ruwan toka mai haske. Fentin mai yana ƙyalli, ba a son shi. Ɗakin da ba silin sai kwano tsirara yakan yi zafi da rana, mutum ya yi gumi, goshi ya yi ta sheƙi a hoto, don haka kuɗin silin bai faɗi a banza ba. Daɓen siminti ya wadatar. Tayil mai santsi ne abin gudu, saboda ƙyalli da kuma zamewar ƙafafun fitilu.

Labulen baya aikin tela ne da mai walda. A kafa ƙugiya biyu a bango kusa da silin, a ɗora bututun ƙarfe ko miƙaƙƙiyar gora, a ɗinka wa yadin baki yadda bututun zai shige. Faɗin mita 2 da rabi zuwa 3 ya isa. Idan ana son hoton tsaye, a bar yadin ya sauko ya shimfiɗu a ƙasa har ƙarƙashin ƙafar mutum. Launi uku ake fara tanada, fari da baƙi da ruwan toka, kuma idan ɗaya kawai aljihu zai ɗauka a zaɓi ruwan toka, domin ana iya haska shi ya yi fari-fari, a hana shi haske ya koma kusan baƙi. A riƙa yi masa guga, a naɗe shi a jikin bututu maimakon ninkewa, saboda kyamara ba ta yafe tamoji. Labulen takarda da ake sayarwa a manyan birane bai jure danshin wannan yanki, gara kuma na son sa. Su kuwa labulen leda masu hoton benen ƙasar waje da jirgin sama, suna ƙyalli, kuma shekara biyu ta isa su tsufa a ido. Atamfa da gwado da tabarma sun fi su kyau nesa ba kusa ba, muddin adonsu bai yi faɗa da na tufafin mutum ba. Kujera marar jingina, da turmi, da kwando, da 'yar kujerar tsuguno sun isa kayan zama da na riƙewa.

Fitilar lantarki na shigowa ne idan ana son aiki da dare, ko ranar da hadari ya rufe gari. Iri biyu ne. Akwai mai ci gaba da haske, wadda a yau yawanci LED ce, akwai kuma filash mai walƙawa sau ɗaya lokacin ɗauka. Mai koyo ya fi jin daɗin ta farko, domin abin da ido ya gani shi kyamara za ta ɗauka, kuma tana aiki da waya. Abu biyu ake dubawa a kwalinta. Na farko launin haske, wanda ake aunawa da Kelbin: hasken rana na wajen 5500, tsohon ƙwan fitila mai ja-ja kuma wajen 2700. Idan aka haɗa su a hoto ɗaya, rabin fuska zai yi shuɗi-shuɗi, rabi ya yi ja. Duk fitilun ɗakin su zama launi ɗaya, ƙwan silin kuma a kashe shi. Na biyu lambar CRI, wadda ke nuna yadda fitila ke fitar da launi na gaskiya. A nemi 90 zuwa sama. Araha ba ta ado: ƙwayayen LED na bakin titi sukan sa fata ta yi kore-kore kamar ta marar lafiya. Fitila tsirara kuma haskenta na da kaifi. A sa mata farar lema, ko a rataya farin yadi a gabanta da 'yar tazara, ko a juya ta ta haska farin bango hasken ya dawo. Gwargwadon faɗin abin da haske ke fitowa daga gare shi, da kusancinsa da mutum, gwargwadon laushin inuwa.

Akwai ƙa'ida guda ta nisa da ke warware matsaloli da yawa. Idan aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa ga mutum kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Wannan ne dalilin da ya sa a hoton iyali na kusa da fitila yakan yi fari fat, na can ƙarshe ya ɓace a duhu. In wani na mita 1 daga fitila, wani na mita 2, bambancinsu ninki huɗu ne. A ja fitilar baya, na farko ya zama a mita 4, na biyu a mita 5, sai bambancin ya kasa kaiwa ninki biyu. Saboda haka mutum ɗaya a kusanto masa da fitila, jama'a kuma a nisanta musu ita.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka a gina situdiyon a kan taga da batir. Filash ƙarama na aiki da batir huɗu irin na rediyo masu caji. Fitilun LED biyu masu wat 60 kowace ba su fi ƙarfin ƙaramar inbata da sola ba. Tsofaffin fitilun halojin masu wat 500 kuwa a bar su, suna zafin da zai iya kunna labule. Wutar Najeriya na juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wasu fitilu kan bar ratsi-ratsi a hoto da bidiyo, kuma saita saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 50 ko cikin 100 na daƙiƙa yakan kawar da su. A kira mai gyaran wuta ya sa soket na ƙwarai, kada a bar wayoyi a baje inda yaro zai harɗe. A ɗaura wa ƙafar kowace fitila jakar yashi. Idan hadari ya taso da tsawa a zare komai daga soket. Janareta kuma ba ya shiga ɗaki, ba ya shiga gareji, ba ya tsayawa a bakin taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, wadda ta sha kashe iyalai a cikin barci.

Baƙar fata na da nata hukunci a gaban kyamara. Shekaru da dama kamfanin Kodak na raba wa masu wanke hotuna katin gwaji mai hoton Baturiya, da shi ake saita launi, sai a shekarun 1990 ya fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yau sun gyaru, amma har yanzu idan aka bar su su yanke hukunci da kansu sukan ruɗe. Dattijo cikin farar babbar riga, ko amarya cikin farar rigar aure: kyamara na ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta nutse. Idan kuma tufafi da labule duk masu duhu ne sai ta ƙara, fata ta koma toka-toka. Magani shi ne a auna haske a kan fuska. A waya a taɓa fuskar a allo, a ja hasken sama ko ƙasa har ta fito daidai. A kyamara a saita da hannu. A ɗaga fitilar ta fi haska fuska a kan riga, a sa allon mayar da haske a ƙasan haɓa. Baƙar fata na fitar da kyanta ne ta ɗan sheƙin da haske mai faɗi ke bari a goshi da kunci, don haka gumi kawai ake gogewa da hankici. Manhajar ƙawata fuska da ke zuwa a kunne cikin wayoyi da yawa a kashe ta. Hoton da ya mayar da baƙar uwa fara bai yi wa jikokinta adalci ba.

Game da kyamara kanta, abin da ke hannu shi ake farawa da shi. Babban gilashin waya yana ɗaukar wuri mai faɗi, kuma idan aka matso da shi kusa hanci yakan yi girma, kunnuwa su ja baya. A ja da baya, a danna ninki biyu. Mai sayen kyamara ya nemi ta hannu ta Canon ko Nikon mai lafiya, ya haɗa ta da gilashi mai milimita 50, wanda yana cikin mafi araha kuma yana aiki a haske kaɗan. Maɗori mai ƙafa uku ya fi fitila ta biyu amfani, domin yana hana hoto rawa, yana kuma sakar wa mai hoto hannu ya gyara wa mutum hula ko ɗankwali. Kyamara ta tsaya daidai idon wanda ake ɗauka. Idan yaro ne, a durƙusa.

Yanayin yankin na da abokan gaba biyu, kowanne da lokacinsa. Duwatsun Kagoro na gefen yammacin tudun Filato, suna tare iskar damina, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ya fi na Zariya da Kano yawa. Ɗakin da ya daɗe a kulle yakan tara danshi. A cikin danshi da duhu fumfuna ke tsirowa a cikin gilashin kyamara, ta yi zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, kuma idan ta daɗe takan ci fuskar gilashin yadda gogewa ba za ta fitar ba. Kada a bar kyamara a jakarta cikin durowa duk damina. A samo robar da murfinta ke rufuwa gam, a zuba ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi, a ajiye kayan a ciki. Idan ƙwayoyin sun sha ruwa a gasa su a wuta marar ƙarfi su bushe, a mayar. A riƙa buɗe ɗakin yana shan iska, a gyara yoyon kwano tun kafin ruwan farko, kaya kuma su hau kanta, kada su kwana a ƙasa. Da hunturu ƙura ce matsalar. A share ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma tun awa guda kafin aiki, kada a sauya gilashi taga na buɗe, kuma kada a goge shi da bakin riga, domin ƙurar hunturu na karce shi. A hure ta tukuna da 'yar robar hura iska.

Ladabin aikin bai gaza fasaharsa muhimmanci ba. Yarda a ɗauki mutum daban, yarda a sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp daban, kowanne sai an tambaya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa ikon hana a yaɗa hoton, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora yardar yaro a hannun iyayensa ko mai kula da shi. Yaro ba ya shiga situdiyo sai da babba nasa. Budurwa ko matar aure ta zo da 'yar rakiya, ƙofa kuma a bar ta a buɗe. Wannan kariya ce ga mai zuwa, kariya ce kuma ga sunan mai hoto da na gidansu. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda addini ko ra'ayin kansu, kuma ba a matsa musu.

Abin ɗauka ba ya ƙarewa a kan hoton kwalliya. Hoton fasfo, mai farin baya da faɗin milimita 35 da tsawon 45, ɗalibai da masu neman aiki na bukatarsa kullum, kuma yakan mayar da kuɗin batir da takarda. Masu sayar da citta da zuma da ɗinki ta intanet na bukatar hoton kayansu, wanda tebur ɗaya kusa da taga da farin kwali ya isa. Wanda ke son aikinsa ya yi nauyi kuwa ya zaɓi jigo guda ya daɗe a kai. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, kuma da su duniya ta san shi. Kayan maharba da na masu rawa da ake fitowa da su ranar Afan, da anko na zumuntar mata, da fuskokin tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan, duk jigogi ne da ke jiran mai haƙuri.

Akwai kuma aikin da ƙaramin situdiyo zai yi wanda ya fi kowanne gaggawa, wato ceto tsofaffin hotuna. Gidaje da yawa na da hotuna marasa launi na malaman mishan, da sojoji, da ɗaurin auren kakanni, da taron fada na zamanin marigayi Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro daga 1945 zuwa 2008. Danshi da gara na cin su a cikin akwati. A shimfiɗa hoton a tebur, a kafa kyamara a samansa daidai ba karkata, a sa fitila ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a karkace, don kada ƙyalli ya dawo cikin kyamara. In ba fitila, inuwar baranda ta isa. A cire hoton daga firam, amma wanda ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi yadda yake. Kowane hoto, tsoho ko sabo, a ajiye shi wuri biyu aƙalla, ɗaya a kwamfuta ko faifan ajiya, ɗaya a intanet, domin waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. WhatsApp na rage ingancin hoto sai in an tura shi a matsayin fayil. Waɗanda suka fi daraja a wanke su a takarda.

Waɗanda ke da irin waɗannan hotuna a gida su kai su gaban dattawa tun suna raye, a tambaye su wane ne wannan, a ina aka ɗauka, wace shekara. A rubuta amsar a bayan hoton da fensir mai laushi, ba tare da dannawa ba. Kada a yi amfani da biro, domin tawadarsa na ratsa takarda ta ɓata fuskar hoton.